Sharhi: Allon Harbi Mai Lantarki, Akantan Da Ba Ya Cin Goro

Duk wanda ke kwana a Nyanya ko Mararaba, yana kuma sammako zuwa ofis ko kasuwa a cikin birnin Abuja, ya san cewa babu ranar da zai fita bai gitta ta gaban mai riƙe da bindiga ba. Tun daga mahaɗar nan da aka fi sani da Mopol, inda barikin 'yan sandan kwantar da tarzoma yake, zuwa hawan Kugbo, har a kai barikin soja na Mogadishu da ke Asokoro, ido ba ya rabuwa da kaki. Ga kuma masu rakiyar motocin ɗaukar kuɗi na bankuna, da waɗanda ke tsaye a ƙofar manyan kantuna da gidajen mai. Dubban ma'aikata da 'yan kasuwa ne ke bin wannan hanya safe da yamma, kuma saboda sabo, da wuya a sami wanda zai ɗaga kai ya dubi bindigar da ke rataye a kafaɗar mutumin da ya ɗaga masa hannu ya wuce.

Babu mai hankalin da zai yi ƙorafi game da yawan jami'an tsaro a wannan yanki, domin mutanen Nyanya ba su manta da safiyar 14 ga Afrilu, 2014 ba, ranar da bam ya tashi a tashar mota ya hallaka mutum fiye da 70, haka kuma ba su manta da na biyun da ya biyo baya ranar 1 ga Mayu na shekarar ba, wanda ya ci aƙalla rayuka 19. Amma akwai wata tambaya da ya kamata kowane mai biyan haraji ya yi, ko da a zuci ne. Wannan bawan Allah da aka damƙa wa bindiga a tsakiyar taron jama'a, yaushe rabonsa da ya gwada hannunsa a filin harbi? Harsashi nawa ya harba, nawa suka sami inda ya auna, kuma wa ya rubuta sakamakon?

Wannan tambaya ce ta sa muka ga ya dace mu tattauna wani kayan aiki da ba a saba jin labarinsa a shafukan ciniki ba, watau allon koyon harbi mai lantarki, wanda da kansa yake gane cewa harsashi ya same shi, ya nuna daidai wurin da ya sama, ya kuma ajiye lissafi. Ra'ayinmu shi ne, babban amfanin wannan allo ga ƙasa irin tamu yana cikin lissafin da yake ajiyewa. In za a saye shi domin a yi aiki da lissafin, a kuma tanadi kuɗin kula da shi tun ranar farko, to, kuɗin bai tafi a banza ba. In kuwa za a saye shi ne don a yanke ƙyalle a ɗauki hoto, gara a bar kuɗin a baitulmali.

Tsohuwar Hanya

Kafin mu shiga batun sabon allo, ya kyautu mai karatu ya san yadda aka saba yi. A tsohon tsari, akan kafa allon takarda ko na kwali a nesa, maharba su jeru su yi harbi, sa'an nan a ba da umarnin ajiye makamai, a tabbatar babu harsashi a cikin kowace bindiga, a taka zuwa wurin allunan, a ƙirga huji, a liƙe su da takarda, a dawo. A manyan filaye kuwa akan haƙa rami a ƙarƙashin allunan, a bayan tudun ƙasa, inda wasu sojoji ke fakewa. Su ne ke sauke allo, su duba, su ɗaga shi, su nuna wa maharbi inda ya sama da wata doguwar sanda mai faifai a kai. Ta haka aka horar da kakanninmu da suka yi yaƙin Bama, kuma babu mai raina ta.

Sai dai in aka dube ta da idon mai lissafi, tana da ɓarna iri biyu. Ta farko ɓarnar lokaci ce. A ɗauka allon yana nisan mita 300. Zuwa da dawowa mita 600 ke nan, wanda mai tafiya ta yau da kullum ba zai yi a ƙasa da minti 7 ba. In aka yi haka sau 20 a yini, an ƙona fiye da sa'o'i 2 a tafiya kawai, ban da lokacin ƙirga da liƙi, alhali bindigogi suna ajiye, malamai suna tsaye, kurata suna gasuwa a rana. Ta biyu ta fi muni: sakamakon yana hannun mutum. Mai riƙe da fensir yana da aboki, yana da maigida, yana kuma da tausayi. Huji biyu kan haɗu su zama ɗaya a yi ta gardama, harsashin maƙwabci kan faɗa allon wani a ba shi maki, kuma takardar da aka cika a filin ba ta da wani mai shaida in ban da wanda ya cika ta.

Yadda Allon Yake Aiki

Allon lantarki iri-iri ne, amma uku daga ciki suka fi yaɗuwa. Na farko da sauti yake aiki. Akwati ne da aka rufe gabansa da bayansa da shimfiɗar roba, aka dasa ƙananan na'urorin ɗaukar sauti a kusurwoyinsa. Da zarar harsashi ya huda robar, ƙararsa kan isa na'urar da ta fi kusa da shi kafin ta isa sauran. Misalinsa kamar a tsayar da mutum huɗu a kusurwoyi huɗu na wani babban fili, wani ya buga ganga a ciki. Wanda ya fi kusa da makaɗin shi zai riga kowa ji, kuma in aka san tazarar da ke tsakanin jin kowannensu, za a iya faɗin inda makaɗin yake tsaye ba tare da an gan shi ba. A cikin allon, tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma kwamfuta tana auna ta, ta fitar da wurin, ta aika zuwa wani ƙaramin allon kallo da ke gefen maharbi kafin ya ɗaga kumatunsa daga gindin bindiga.

Na biyu da haske yake aiki. Firam ne da zaruruwan haske ke ratsawa tsaye da kwance kamar saƙar tabarma; harsashi in ya wuce sai ya yanke wasu daga cikinsu, inuwarsa ta tona inda ya bi. Wannan ba ya cin roba, don haka kuɗin tafiyar da shi bai kai na farkon ba, amma ya fi son wuri mai tsabta.

Na uku shi ne na soja, kuma shi ya fi shafar maganarmu. Siffar mutum ce ta roba ko kwano, wadda inji ke ɗagawa ta tsaya na 'yan daƙiƙoƙi, in harsashi ya same ta sai na'urar da ke jin girgiza ta sa ta faɗi. A ƙarƙashinta kuma akan shimfiɗa jerin na'urorin sauti masu sauraren tsawar da harsashi ke yi a cikin iska. Dalili kuwa shi ne, sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa guda in zafi yana kan digiri 20, shi kuwa harsashin AK-47 yana barin bakin bindiga da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa, watau ninki biyu, saboda haka yakan ja wata 'yar tsawa a bayansa kamar ta bulala. Da wannan tsawa na'urar ke gane inda harsashi ya bi, ko da bai taɓa siffar ba. Masu iya magana sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma a wurin malamin harbi, kuskuren ne ya fi koyarwa, muddin an san ta ina ya bi. A allon takarda, harsashin da ya kauce ba ya barin alama, sai malami ya yi ta kintace. A nan kuwa zai ga cewa kurtu yana ta kaucewa ƙasa ta hagu, ya gane cewa fizgar kunama yake yi, ya gyara masa a harsashi na uku maimakon na talatin.

Wannan fasaha ta daɗe da barin ɗakin gwaji. Tun shekarun 1990 da ita ake yanke hukunci a gasar harbi ta Olamfik, inda a harbin bindigar iska daga mita 10, ɗigon da ke ba da maki 10 faɗinsa rabin milimita ne kacal, kuma ana raba makin har zuwa 10.9, abin da idon alƙali ba zai iya ba. Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a sun haɗa da SIUS na Suwizalan, da Megalink da Kongsberg na Norwe, da Meyton na Jamus. A Suwizalan, inda doka ta wajabta wa sojojin ko-ta-kwana su je su yi harbin gwaji daga mita 300 duk shekara, filayen harbi na ƙananan hukumomi ne, kuma allon lantarki ya zama ruwan dare a cikinsu.

Lissafin Riba

Ɗan kasuwa ya san bambancin kuɗin da ake kashewa sau ɗaya da wanda ake kashewa kullum. Allo sau ɗaya ake saye. Harsashi kuwa kowace harbawa kuɗi ne ya tashi. Ko a Kaduna aka ƙera shi, ko ta jirgin ruwa ya shigo, farashinsa yana bin dala, domin tagulla da albarushi da injunan sarrafa su duk kayan kasuwar duniya ne. Kowa kuma ya ga abin da ya faru bayan da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen N460 a farashin hukuma har ta haura N1,500 a farkon 2024. Kasafin da a da zai sayi harsashi uku ya koma sayen ɗaya. Idan abu ya yi tsada haka, hanya biyu ce ta rage: ko a rage horo, ko a sa kowane harsashi ya koyar da abin da a da sai uku ke koyarwa. Hanyar farko ita ce mai sauƙi a takarda, kuma jama'ar da ke bakin titi ne ke biyan kuɗinta.

Riba ta biyu ta ƙasa ce. Filin harbi yana cin wuri, domin harsashin bindigar soja kan yi tafiyar da ta wuce kilomita 2 in babu abin da ya tare shi. Nyanya da aka fara a matsayin sansanin leburorin da suka gina Abuja, yau ta haɗe da Karu da Mararaba, gini ya ci gaba har Masaka, yana neman Keffi. A irin wannan wuri ba a maganar sabon filin harbi na sarari. Dakarun da ke tsaron fadar shugaban ƙasa ma a filin harbi na Keffi suke atisaye, kuma sukan fitar da sanarwa tukuna a ja kunnen manoma da makiyaya su kauce. Tun da filayen kaɗan ne, gari kuma yana matso su, kowace sa'a a cikinsu ta zama kadara mai tsada. Na'urar da za ta sa mutum 200 su yi gwaji a yinin da a da mutum 100 ke yi, daidai take da an sayi fili na biyu ba tare da an biya diyyar ko taku ɗaya ba.

Riba ta uku ita ce muka fi ba muhimmanci. Duk mai babban kanti ya san ba a yarda da takarda ɗaya. Akan haɗa takardar oda, da takardar direban da ya kawo kaya, da littafin mai sito. In ukun suka yi daidai, sai a biya. A harkar harsashi ma haka ya kamata: ga adadin da ma'ajiyar makamai ta fitar, ga kwanson da aka tsince aka mayar, ga kuma adadin harbin da na'ura ta ji da kunnenta, da ranar, da sa'ar, da lambar wanda ya harba. Biyun farko mutane ne ke rubuta su, na ukun kuwa inji ne, wanda ba shi da suruki, ba ya kuma cin goro. Wanda ke ganin wannan ƙaramar magana ce, ya tuna da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019, wanda ya ce akwai makamai da harsasai 178,459 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayaninsu ba. Rundunar ta yi jayayya da yadda aka fassara alkaluman, kuma tana da 'yancin yin haka. Abin lura dai shi ne, inda lissafi yake tsaf, irin wannan gardama ba ta daɗewa. Allon lantarki ba zai ƙirga bindigogi ba, amma zai toshe kafa ɗaya sananniya, wadda a kowace ƙasa ake fakewa da ita, watau a rubuta cewa harsashi ya ƙare a wurin horo alhali ta wata ƙofa ya fita.

Inda Gizo Ke Saƙa

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Hujja ta farko ita ce tarihinmu da injuna. Ƙasar nan cike take da na'urori masu tsada da aka ƙaddamar da kiɗa da rawa, suka yi shekara guda suna aiki, wani ƙaramin abu ya lalace, aka rufe su da tamfol har yau. Allon lantarki kuwa aikinsa ke nan a harbe shi. Robarsa tana cinyewa, wayarsa tana tsinkewa, ƙurar hunturu tana dushe idon mai aiki da haske, tsawar damina tana ƙona kwamfuta, gara da ɓera kuma ba sa tambayar farashin abin da suke ci. Hatta zafin rana yana da tasiri, domin gudun sauti kan ƙaru zuwa wajen mita 355 a daƙiƙa in zafi ya kai digiri 40, don haka allon da ba ya auna zafi ya gyara lissafinsa zai riƙa ba da sakamakon ƙarya a watan Maris. Wanda zai saya dole ya sayi wanda aka gwada a irin yanayinmu, da batir da farantan hasken rana, da kayan gyara na shekaru, da yaran da aka koya wa aikin. Araha ba ta ado.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Iya saiti daban, sanin lokacin da ya halatta a yi harbi daban. Yawancin rayukan da aka yi asara a shingayen bincike, ba rashin iya auna bindiga ne ya ci su ba. Fushi ne, ko tsoro, ko maye, ko yatsa a kan kunama inda bai kamata ba. Wannan gaskiya ne. Shi ya sa aka sabunta Umarnin Runduna mai lamba 237 a 2019, wanda ya tsara yadda ɗan sanda zai yi amfani da ƙarfi da makami. Amma a nan ma allon yana da abin bayarwa, domin ana iya tsara shi ya riƙa ɗago siffofi iri biyu a cakuɗe, wata riƙe da makami, wata hannu sake, a ba jami'i daƙiƙa biyu ya yanke shawara. In ya harbi marar makami, na'ura ta rubuta masa faɗuwa. Takarda ba ta iya wannan jarrabawa. Mutumin da ya saba da bindigarsa kuma, ya san abin da za ta yi da abin da ba za ta yi ba, ya fi natsuwa a cikin rikici fiye da wanda rabonsa da jin ƙararta tun ranar da ya fita daga makarantar horo.

Hujja ta uku ita ce, lissafin da ba a karantawa daidai yake da babu. Ana iya kashe na'ura, ana iya cewa wuta ta ɗauke, ana iya ajiye sakamakon a aljihun tebur. Maganin wannan ba ya hannun injiniya. Sai shugabannin rundunoni sun kafa doka cewa sakamakon zai riƙa tafiya kai tsaye zuwa hedikwata, kuma jami'in da bai ci gwajin shekara ba, ba zai riƙe bindiga a cikin jama'a ba sai ya koma ya ci. Sai kuma 'yan majalisa masu amincewa da kasafi sun riƙa tambayar mutum nawa aka gwada bara, nawa suka ci, kafin su sa hannu a na bana.

Yadda Ya Kamata A Saya

Shawararmu ta farko ita ce a daina tunanin kowace hukuma sai ta mallaki nata. Soja, da 'yan sanda, da Kwastan, da Shige da Fice, da masu kula da gidajen gyaran hali, da Sibil Difens, da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, duk suna ɗaukar makami, kuma duk suna da hedikwata a Abuja. Injin niƙan da ke aiki rana ɗaya a wata ba ya mayar da kuɗinsa. Fili ɗaya mai kyau a kan hanyar Keffi, wanda ke aiki kwana shida a mako, kowace hukuma tana biyan kuɗin sa'o'in da ta yi, ya fi bakwai da ke kulle. A cikin gari kuwa, rufaffen ɗakin harbi na mita 25 a cikin bariki ya isa gwajin ƙaramar bindiga, ba tare da an firgita maƙwabta ba.

Ta biyu, a biya ɗan kwangila bisa aiki. Maimakon a ba shi kuɗinsa duka ranar da ya sauke kaya, a ƙulla yarjejeniya ta shekaru, a riƙa biyansa gwargwadon kwanakin da allunan suka yi suna aiki. Ranar da allo ya mutu, kuɗinsa ya tsaya. Wanda ya san haka ba sai an roƙe shi ya ajiye kayan gyara ba. Dokar 2005 da ta kafa hukumar kula da haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa a kan manyan ayyuka ta buɗe ƙofar irin wannan tsari.

Ta uku, a yi cinikin a fili. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan tsaro na musamman daga ƙa'idojinta, kuma akwai hikima a cikin hakan, amma kowa ya ga abin da duhu ya haifar sa'ad da aka kafa kwamitin binciken sayen makamai a 2015. Allon harbi ba sirrin ƙasa ba ne. Ƙungiyoyin wasanni a ƙauyukan Turai suna saye, farashinsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Babu dalilin da zai hana a buga talla, kamfanoni su yi takara.

Rabon 'Yan Kasuwa

Ina ɗan kasuwar gida zai shiga? Gaskiya ita ce, ƙwaƙwalwar na'urar za a ci gaba da shigo da ita na wani lokaci. Amma kaso mai tsoka na kuɗin filin harbi yana tafiya ne a kan abubuwan da muke iyawa: tara tudun ƙasa da ginin siminti, firam da akwatunan ƙarfe irin waɗanda maƙeran Panteka a Kaduna ke yi ba tare da wahala ba, siffofin roba da masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano za su iya zubawa, wutar hasken rana, shimfiɗa waya, rubuta manhajar ajiye sakamako, da kwangilar gyara wadda ita ce ke kawo kuɗi wata-wata. Hatta kwanson tagulla da darmar da ke taruwa a cikin tudu kaya ne da ake narkarwa a sayar, in hukuma ta ba da izini. Hukumar ƙera makamai ta DICON, wadda aka kafa a Kaduna a 1964, ta sami sabuwar doka a watan Nuwamba na 2023 da ta faɗaɗa mata damar haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu, kuma tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 da ya ce hukumomi su fifita kayan gida. Wanda ya haɗa kai da mai fasahar daga waje, bisa sharaɗin a harhaɗa a nan a kuma horar da yaranmu, yana da madafa.

Sai dai a shiga da ido biyu. Dokar makamai ta 1959 tana nan daram, kuma shigo da kayan da suka danganci tsaro yana bukatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Dokar 1986 ta hana kamfanonin gadi masu zaman kansu ɗaukar bindiga, don haka kada wani ya sa su a lissafin abokan cinikinsa. Abin da wannan ke nufi shi ne, kusan mai saye ɗaya ne a kasuwar, watau gwamnati, kuma kasuwa mai mai-saye ɗaya, shi ke yanka farashi, shi ke zaɓar ranar biya. A lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, jinkirin biya na wata shida ya isa ya cinye ribar kwangila har ya taɓa uwar kuɗi. Kada kowa ya ci bashin banki a kan alkawarin baki. A ga takarda, a ga tsarin biya kashi-kashi, a kuma ga layin a cikin kasafi.

Daga ƙarshe, 'yan kasuwa suna da bakin magana a wannan batu fiye da yadda suke zato. Dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda ta 2019 ta ɗora wa kamfanoni kashi 0.005 cikin 100 na ribarsu, kuma horo da kayan aiki suna cikin manyan dalilan da aka bayar na kafa asusun. Ban da wannan, ga gudummawar motoci da kamfanoni ke bayarwa a jihohi, ga kuɗin rakiya da bankuna ke biya. Wanda ya zuba jari yana da ikon ya ga littafi. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu, tun daga na Abuja har na Kano da Kaduna, in an zo neman gudummawarsu ta gaba, su nemi a faɗa musu jami'ai nawa aka gwada a filin harbi a shekarar da ta wuce, da kuma wanda ya shaida sakamakon.

Mai sayar da lemo a gindin gadar Nyanya ba ta san SIUS ba, ba ta kuma bukatar ta sani. Abin da take bukata shi ne, ranar da wani abu ya taso a tashar, jami'in da ke tsaye taku goma daga tirenta ya kasance wanda aka gwada bana, aka tabbatar ya san inda harsashinsa zai faɗa, ya kuma san lokacin da zai bar yatsansa a wajen kunama. Ba a fafe gora ranar tafiya.